Idan An Kai Kayanka Gidan Wani: Jawabin Sakatare a Taron Wata-Wata

 

Kwamiti ya umurce ni da in yi bayani a kan wani koke da ya yawaita a ofishinmu, wato mutum ya sayi kaya ta waya ko ta intanet, ya biya kuɗinsa cif, sa'annan a ce masa an kawo kayan, alhali shi bai ga komai ba. In an bincika sai a tarar an kai wani gida, ko an miƙa wa wani mai irin sunansa, ko an bar wa mai shagon bakin layi ba a gaya wa kowa ba. Mai kaya ya ce shi ya aiko. Mai kawowa ya ce shi ya kai. Mai kuɗi kuwa ya zauna yana salati. Da yawa daga cikin jama'armu a nan suke tsayawa, su ce ƙaddara ce, ko su ce mu baƙi ne a garin nan, wa zai saurare mu. To ina so in fara da kawar da wannan tunani. Dokar kare haƙƙin mai saye ba ta tambayar asalin jihar mutum. Bakano da Basakkwace da mutumin Maraɗi da ya sayi kaya a ƙasar nan haƙƙinsu ɗaya da na wanda aka haifi kakansa a Isale Eko.

Dokar da nake nufi ita ce ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar da ake kira FCCPC, wadda ta maye gurbin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka yi wa doka tun 1992. Jihar Legas ma tana da tata hukumar, LASCOPA, a Ikeja. Zan dawo kansu a gaba. Amma kafin a kai ga hukuma akwai tambaya guda da ya kamata kowa ya fara yi wa kansa, domin amsarta ce ke nuna ƙofar da zai ƙwanƙwasa: wa ya ɗauki ɗan aiken?

Ga abin da nake nufi. Idan ka shiga Jumia ko Konga ko Temu ko AliExpress, ko wani mai shago a Facebook ko WhatsApp, ya ce maka ka biya kaza, za a kawo maka har gida, to shi ya yi alkawarin kawowa, shi kuma ya zaɓi wanda zai kawo, gidan waya ne ko kamfanin aika kaya ko ɗan babur. Cinikinka da mai sayarwa ne. Shi ka ba kuɗi, a hannunsa za ka nemi kayanka ko kuɗinka. Idan ɗan aikensa ya yi kuskure, wannan tsakaninsu ne, su je su daidaita. Kuskuren da akasarinmu ke yi shi ne, da zarar mai sayarwa ya ce "je ka tambayi masu kawowa", sai mutum ya kama hanya daga Agege zuwa Ikeja, daga Ikeja zuwa Oshodi, yana ƙona kuɗin mota, a ƙarshe a ce masa ai ba kai ka ba mu kayan ba, ka ce wanda ya aiko ya yi magana. Kuma gaskiyarsu, domin ba da kai suka ƙulla yarjejeniya ba. Kafin mutum ya gama wannan zirga-zirga wa'adin koke ya wuce.

Amma idan kai ne ka ce wa mai kaya "kai mini tasha kaza, ka ba direba wane", ko ka tura yaronka mai babur ya karɓo, to magana ta canza. A tsohuwar dokar ciniki da muka gada daga Ingila, ta 1893, wadda jihohi irin su Legas suka yi tasu a kan tsarinta, miƙa kaya ga mai ɗauka domin a kai wa mai saye ana ɗaukarsa tamkar an miƙa wa mai sayen ne, sai fa in yarjejeniya ta nuna saɓanin haka. Wannan ita ce hujjar da mai sayarwa mai wayo zai kawo maka. Shi ya sa kalmar da aka yi ciniki a kanta take da nauyi. In an rubuta "za a kawo maka gida" kuma ka biya kuɗin kawowa a hannunsa, ka riƙe wannan rubutu da kyau, shi ne makaminka. Su ma iyayenmu 'yan goro da suka kafa Zangon nan sun san wannan bambanci tun ana loda huhun goro a jirgin ƙasa zuwa Kano: kafin kaya su tashi sai an san a wuyan wa suke idan sun ɓata a hanya.

Dokar 2018 ta ƙara wa mai saye ƙarfi a wurare biyu da suka shafe mu. Sashe na 130 ya ce duk wanda ya karɓi kuɗi domin ya yi maka wata hidima, haƙƙinka ne ya yi ta a kan lokaci kuma yadda mutum mai hankali zai sa ran a yi ta. In ya gaza, ko ya gyara ko ya mayar da kuɗi daidai gwargwado. Kai kaya gidan da ba shi aka rubuta ba gazawa ce a fili. Sashe na 122 kuma ya shafi wanda aka kawo wa abin da ba shi ya saya ba: kayan da ba ka sami damar dubawa ba kafin a kawo, in sun saɓa da abin da aka kwatanta maka, kana da ikon mayarwa a cikin lokaci mai ma'ana a ba ka kuɗinka duka. Wannan yakan faru idan an yi musayar ƙunshi, naka ya tafi Iyana Ipaja, na wani ya zo maka. Sa'annan rubutun nan da wasu ke mannawa a shafinsu ko a ƙasan rasit, wai ba a mayar da kuɗi bayan an biya, ba ya soke haƙƙin da doka ta ba ka. Ɗan kasuwa ba ya yi wa kansa dokar da ta fi ta ƙasa.

To, yanzu a ce abin ya faru. Saƙo ya shigo wayarka cewa an kawo kaya, kai kuwa ba ka gani ba. Kada ka kwana. A ranar ka zagaya gidan, ka tambayi maƙwabta da mai gida da mai shagon ƙofar gida da yaran da ke zama a bakin layi. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, domin gidajenmu na haya ne, ɗaki goma sha biyu ƙofa ɗaya, kuma in aka tsaya a tsakar gida aka kira Malam Musa mutum uku za su leƙo. In ba a samu ba, ka ɗauki hoton saƙon da hoton shafin odarka, ka rubuta wa mai sayarwa ta hanyar da rubutu zai zauna, wato ta cikin manhajarsu ko imel ko WhatsApp. Kiran waya yana da amfani, amma iska ce, gobe wanda ka yi magana da shi zai ce bai tuna ba. In kamfani ne, ka nemi su ba ka lambar koke, ka rubuta ta a littafi tare da kwanan wata.

Abin da za ka nema a wannan rubutu shi ne shaidar miƙa kaya. Kowane mai kawo kaya na ƙwarai yana da ita: sunan wanda ya karɓa, sa hannunsa, ranar da lokacin, wani lokaci har da hoton ƙofar gidan. Su ne suka ce sun kai, su ya kamata su nuna wa suka ba. In suka kawo sa hannun da ba naka ba, ko hoton ƙofa mai koren fenti alhali taku ta langa-langa ce, to ka ɗauki hoton taka ƙofar da lambar gidan ka tura musu. Akwai wata baiwar Allah da ta zo ofis, ta sayi keken ɗinki da kuɗin adashin da ta shekara tana zubawa. Kamfanin, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya dage cewa an kai. Da muka nemi shaida sai ga hoton wani gida mai lamba ɗaya da nata, amma a wani layi mai kusan irin sunan nasu a can wata unguwa. Hotuna biyu muka jera a takarda ɗaya muka aika, ba gardama ba zagi, aka mayar mata da kuɗinta. Abin da ya cece ta shi ne ta zo a kwana na biyu, kuma 'yarta ba ta goge saƙonnin ba.

A nan zan ɗan tsaya a kan wasu abubuwa biyu da ke kashe koke tun kafin a fara shi. Na farko lambar sirrin nan da wasu kamfanoni ke turowa, wadda ake ba mai kawo kaya a lokacin karɓa. Wannan lamba ita ce sa hannunka. Ɗan babur zai kira ka ya ce yana Pen Cinema, cunkoso ya riƙe shi, ka karanto masa lambar ya rufe aikin yau, yanzu zai iso. Kada ka bayar, ko da muryarsa ta yi kama da ta mutumin kirki, kuma wataƙila mutumin kirkin ne. Da zarar ya shigar da ita, na'urarsu ta rubuta cewa kaya sun shiga hannunka, kuma da wuya ka warware wannan. Na biyu shi ne wurin da ake dannawa a manhaja a ce "na karɓi kayana". Wasu kasuwannin intanet suna riƙe kuɗinka ne ba sa sakar wa mai kaya sai ka danna. Yaranmu masu saurin yatsa su kula, haka iyayen da ke ba yara waya su yi musu oda.

Sai maganar wa'adi. Kowane kamfani yana da kwanakin da ya ɗiba domin koke, wani kwana 7, wani kwana 15, kuma suna canza su lokaci zuwa lokaci, don haka a duba a ranar da aka yi sayayya. Mai sayarwa maras gaskiya ya san wannan sarai. Zai yi ta lallashinka, "yi haƙuri ɗan'uwa, jira mako ɗaya, muna bincike", har ƙofar ta rufe. Haƙuri halinmu ne, amma ka buɗe kokenka a rubuce tukuna, sa'annan ka yi haƙurin.

Bari in juya ga gidan waya, tunda wasu ƙananan kaya daga Sin da Ingila da Amurka ta nan suke shigowa. Hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, an cire ta ne daga tsohuwar ma'aikatar waya da tangarahu a 1985, kuma tana aiki da ƙa'idojin ƙungiyar gidajen waya ta duniya da aka kafa a 1874, mai hedikwata a birnin Bern. Kayan da aka yi wa rajista suna da lamba mai gurbi 13: haruffa biyu a farko, alƙaluma tara a tsakiya, haruffa biyu a ƙarshe masu nuna ƙasar da aka aiko, CN na Sin, GB na Ingila, NG namu. Ɗalibanmu na ajin yaƙi da jahilci, wannan ba ta fi ƙarfinku ba, kun karanta abin da ya fi ta tsawo. Da wannan lamba da katin shaida za ka je gidan wayan da ke kula da unguwarku ka nemi a duba littafin miƙa kaya. Wani lokaci ƙunshin yana nan a ajiye, takardar sanarwar ce ba ta iso ka ba.

Idan kuwa an ba wani ne, ga abin da ya kamata a sani. A ƙa'idar gidajen waya ta duniya ana karɓar neman bincike ne a cikin wata 6 daga lokacin da aka aiko kayan. Diyya kuma, in ta tabbata, asali haƙƙin wanda ya aiko ne, sai in ya sarayar da ita ga wanda aka aiko wa. Kuma diyyar tana da iyaka, ba ta bin tsadar abin da ke ciki sai in an yi wa kayan inshora. Wasiƙar da aka aiko haka kawai ba rajista, ba a biyan komai a kanta. Kun ga ke nan mun dawo inda muka fara: ko a nan ma mai sayarwa ne zai bi gidan waya, kai kuma ka bi mai sayarwa. Amfanin zuwanka gidan waya shi ne ka samo shaida, ko da 'yar takarda ce mai hatimi da ke cewa ba kai aka ba ba, ka ɗauki hotonta ka tura. Har ila yau NIPOST ce ke ba kamfanonin aika kaya masu zaman kansu lasisi, tana da sashe na musamman domin haka, saboda haka ana iya kai ƙarar kamfanin da ya saba wulaƙanta kayan mutane can. In kuma ma'aikacin gwamnati ne ya ƙi sauraronka, akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a ta tarayya da aka kafa a 1975, ba a biyan ko kwabo.

Yadda ka biya kuɗi ma yana da tasiri ƙwarai. Wanda ya biya da katin banki, irin su Visa da Mastercard da Verve, yana da wata ƙofa ta daban: ya je bankinsa ya cika takardar jayayya cewa ya biya kaya ba a kawo ba, ya haɗa da hotunan saƙonni, banki ya nemi a dawo da kuɗin ta hanyar kamfanin katin. A tsarin Visa da Mastercard wa'adin yawanci kwana 120 ne, amma kada wanda ya jira ya kusa cika. In banki ya yi shiru ko ya yi ta jan ƙafa har mako biyu, ana iya ɗaukaka koken zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya, tare da lambar koken da bankin ya bayar. Wanda kuwa ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani mutum, ko ya ba mai POS ya tura masa, ba shi da wannan ƙofa. Banki ba ya cire kuɗi daga asusun mutum don kawai ka ce bai kawo maka kaya ba, galibi sai da umurnin kotu. Ni a ra'ayina, duk inda aka ba da zaɓin biya bayan an kawo, ko zuwa karɓa a ofishinsu mafi kusa, shi ya fi dacewa da irin gidajenmu, ko da za a ɗan taka.

Na san wasu a cikinku suna cewa a ransu, Sakatare, mu fa ba Jumia muke saye ba. Haka ne. Mafi yawan cinikin matanmu da 'yan kasuwarmu da gida ake yin sa. A ga atamfa ko shadda ko kayan lefe a WhatsApp, mai shago yana Kantin Kwari, a tura kuɗi, ya ɗaure kaya a buhu, ya rubuta suna da lambar waya da alƙalamin maka, ya kai tasha a yi wayabil, kaya su yi tafiyar kusan kilomita dubu. A hanya buhu ya goge, ruwa ya taɓa rubutun, ko a sauke a Mile 12 maimakon Agege, ko wani ya zo ya ce shi ne Alhaji wane, yaron mota ya miƙa masa. A nan babu manhaja, babu lambar koke. Amma akwai abin da ya kamata ya kasance: takardar wayabil, lambar motar, sunan direba da lambar wayarsa, da hoton buhun kafin a loda. Ka nemi mai kaya ya turo maka su tun motar ba ta tashi ba. Kuma ku yi magana a fili tun farko, a rubuce ko a saƙon murya, cewa in kaya sun ɓata kafin su shiga hannunka a wuyan wa suke. Mun saba jin kunyar wannan tambaya, muna ganin kamar rashin yarda ne. Ni ban ga rashin yarda a ciki ba. Zumuncin da ya lalace a kan buhun atamfa ɗaya a unguwar nan ya fi wanda tambayar za ta ɓata yawa.

In irin wannan ya ɓata, hanyar da ta fi sauri ita ce ta shugabanni. Duk wanda ya karɓi kaya ya karɓi kuɗin ɗauka, amana ce a hannunsa har ya miƙa wa mai ita, kuma shugabannin tasha sun san haka, suna da littafinsu, sun san direbobinsu. Ofishinmu yakan rubuta wa shugabannin tashar da aka sauke kaya da na wadda aka loda, in ta kama har da shugabannin kasuwar da mai shagon yake. Jihar Kano ma tana da hukumar kare haƙƙin masu saye. Sai dai duk wannan yana tafiya ne idan akwai takarda. Wanda ya zo mana da "wani direba ne dogo, motar fara ce", gaskiya ya ba mu aiki mai wuya.

Yanzu idan an yi duk wannan mai sayarwa ya toshe kunne fa? Sai a rubuta masa takardar neman haƙƙi. Ba ta bukatar Turanci mai nauyi: sunanka da adireshinka, abin da ka saya, ranar da kuɗin, lambar oda, abin da ya faru, abin da kake nema, wato kayanka ko kuɗinka, da wa'adin kwana 14. Ka riƙe kwafi. Sashe na 146 na dokar ya jera inda mai saye zai iya zuwa: wurin kamfanin kansa, wurin hukumar da ke kula da wannan fanni, wurin FCCPC, ko kotu. FCCPC tana karɓar koke ta shafinta na intanet, tana kuma da ofis a Legas. LASCOPA tana kiran ɓangarori biyu ta zaunar da su. Akwai kuma cibiyar sasanta jama'a ta ma'aikatar shari'a ta Legas, wadda ke aiki tun 1999, kyauta, da rassa a sassan jihar. Daga ƙarshe akwai kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a kotunan majistare na Legas a 2018. Lokacin da aka kafa ta an sa iyakar abin da take saurare naira miliyan 5, mutum yana iya tsayawa da kansa ba lauya, kuma an tsara a gama shari'a cikin kwana 60. Sharaɗin shiga shi ne ka fara aika takardar neman haƙƙi, akwai ma fom nata a wurin magatakardan kotu. Ba ina cewa a kai ƙarar takalmin naira dubu takwas kotu ba, kuɗin mota zai cinye shi. Amma injin markaɗe ko wayar dubu ɗari biyu ko kayan lefe, wannan jarin gida ne.

Wata magana kuma da ba zan tsallake ba, ko da za ta sosa wa wasu rai. Wani lokaci gidan da aka kai kayan bisa kuskure namu ne. In an kawo maka ƙunshin da ba ka saya ba, ba tsintuwa ba ce balle a ce rabo. Suna da lambar waya suna jiki. Kada a buɗe, kada a sa hannu a kan abin da ba a san mai shi ba, a kira lambar, ko a kawo ofis mu yi cigiya a masallaci. Wanda ya riƙe kayan da ya san ba nasa ba ne yana iya samun kansa a gaban 'yan sanda, ban da abin da malamanmu za su gaya masa. A tuna kuma da ɗan babur ɗin, wanda sau da yawa ɗanmu ne, kuma daga albashinsa za a cire.

Game da adireshi, gyara kaɗan zai rage rabin wannan wahala. A rubuta cikakken suna kamar yadda yake a katin shaida, a ƙara laƙabin da aka san mutum da shi a layi, domin ba wanda ya san sunan yanka na Maigoro ko na Hajiya Mai Waina. A sa lambar gida da sunan layi yadda yake a allo, da wata alama kamar masallaci ko makaranta ko tashar bas mafi kusa, da lambar waya biyu. A rubuta Agege a fili, domin layuka masu suna ɗaya suna da yawa a Legas. Matan da ba sa fita su ambaci sunan wanda zai karɓar musu tun a wurin oda, don kada a miƙa wa duk wanda aka tarar a ƙofa. Wanda rubutu ke ba wuya ya zo a rubuta masa a kati ya ajiye, duk ranar da zai yi oda sai a kwafa. Mun kuma roƙi malaman ajin dare su sa rubuta adireshi da karanta rasit a cikin darasin wannan zango.

Kwamiti ya amince a ajiye littafi a ofis domin irin waɗannan koke-koke, saboda in muka ga suna ɗaya yana ta dawowa mu haɗa su mu kai hukuma a dunƙule, hakan ya fi tasiri a kan mutum ɗaya ya je shi kaɗai. Mai zuwa ya taho da wayar da aka yi odar da ita, da rasit ko shaidar tura kuɗi, da katin shaidarsa. Muna zama ranar Asabar bayan la'asar, kuma shugabar mata za ta zauna tare da mu domin iyayenmu mata. Rubuta takarda kyauta ne, kuɗin buga kwafi kawai mutum zai biya.

Mai girma shugaba, iyakar abin da aka ɗora mini ke nan. Masu tambaya su ɗaga hannu a ba su dama ɗaya bayan ɗaya.